Kurakuran da Sababbin Masu Tseren Motar Rimot Ke Ta Maimaitawa

Duk Juma'a bayan la'asar muna haɗuwa a filin firamaren ƙauyenmu, nan kusa da Ringim, mu ja layi da toka, mu jera tsofaffin tayoyin babur a kwanoni, mu saki motoci. Ba mu fi mu goma ba. Amma shekara uku ke nan ina kallon ɓarna iri ɗaya. Yaro zai tara kuɗin ƙwadago, ya yi odar mota, ko sati biyu ba a yi ba ya kawo mini ita a leda yana cewa, "Yaya, jabu aka sayar mini." In na buɗe sai in tarar motar ba ta da laifi, da hannunsa ya kashe ta.

Batir ne ya fi cin kuɗin mutane, ni ma shi ya ci nawa. Batirin LiPo da ke cikin yawancin motocin nan ba irin na tocila ba ne. Kowane sel nasa, wato ɗan ɓangaren da ke riƙe wuta a cikinsa, yana cika a bolt 4.2, kuma in ya sauka ƙasa da 3.0 ya fara lalacewa ke nan. Wanda aka rubuta wa 2S sel biyu gare shi, bolt 7.4 a rubuce, in ya cika taf kuma 8.4. Abu biyu ya tsana, zafi da zama a cike.

Ni kuwa duka biyun na haɗa masa. A watan Afrilu, lokacin da rana ke dukan kwano kamar da gayya, na cika batirina taf, na ajiye a kan taga, na tafi biki Kano na yi kwana goma sha. Da na dawo ya kumbura kamar fanke. Mai hankali da nan zai haƙura. Ni sai na danne shi da bulo don ya koma daidai, na jona caja a kan tabarma, na fita alwala. Ihun Inna ne ya dawo da ni. Hayaƙi fari ya turnuƙe ɗakin, tabarma ta kama, gefen katifa ya ci. "Kai, da girmanka, wasan yara ne zai ƙone mana gida?" Har yau in ta gan ni da caja sai ta harare ni.

Tun daga ranar ga yadda nake yi, wanda ya ga dama ya ɗauka. A tsakar gida nake caji, cikin tsohuwar tukunyar ƙasa da na zuba wa yashi, kuma ina zaune a wurin. Caja mai daidaita sel nake amfani da ita, wadda ake soka wa ƙaramin farin fulogin da ke jikin batir, ban da kowace irin waya da bakinta ya shiga. Batir mai 2200mAh ba na ba shi fiye da amfiya 2.2. In ba zan yi tsere ba sai wani satin, ina sauke shi zuwa 3.8 a kowane sel, in sa shi a inuwa. Kuma don Allah ku daina kai wa mai cajin waya ya jera shi cikin wayoyin jama'a kusa da janareta. In ya kumbura ya gama aiki. Na taɓa kama wani yaro da allura zai huda nasa wai iska ta fita, sai da na fizge a hannunsa.

Na biyu giyar mota. Akwai ƙarama a bakin inji, akwai babba da take juyawa. In ka ƙara wa ƙaramar haƙora mota za ta ƙara gudu, amma inji zai ƙara shan wuya. Sabon shiga rabin farko na maganar kawai yake ji. Ya ga bidiyon Turawa suna gudu a kan kafet ko kwalta mai santsi, sai ya manta mu a Jigawa muke, inda yashi ke riƙe taya kamar mai bin bashi. Ni ma na taɓa ƙara haƙora huɗu a lokaci guda don in wuce wani abokina. Na wuce shi kuwa, zagaye uku. A na huɗu ƙauri ya tashi, motar ta tsaya cak, inji da akwatin ESC mai raba masa wuta duk suka tafi. Wata biyu ina ɗan kallo.

Haƙori ɗaya ake ƙarawa, a yi minti biyar, a tsaya a taɓa inji. In ba za ka iya barin yatsanka a kai ka ƙirga uku ba, ya yi zafi, koma baya. Masu ma'auni suna cewa kada ya wuce wajen digiri 70, ni dai yatsana ne ma'aunina. Da bazara ma rage haƙori nake yi. Wajen ɗaure inji kuma, sa siririyar takarda tsakanin giyoyin biyu, ka matse, ka ɗaure, ka zare ta. In sun matse da yawa zafi, in sun yi sako-sako haƙoran babbar su gutsure. Shi kuma mai cusa batir 3S mai sel uku a motar da aka yi wa 2S, kada ya zo mini da kuka.

Sauran ƙanana ne. Taya mai ƙuraje ita ce ta ƙasarmu, mai sulɓi ta kwalta ce. Rimot ake fara kunnawa kafin mota, wajen kashewa kuma mota ce farko. Kada ka zuba baƙin mai a shakazoba, man silikon take sha. Da hunturu kada ka lafta giris a giyar da ke waje, ƙura ce za ta manne ta zama kamar fayil, tsohon burushin haƙori ya ishe ka bayan kowane tsere. Duba kusoshi kafin ka fito, ka kuma tsince ƙarangiya da zaren leda da suka naɗe a bayan taya.

Abin da ke ba ni haushi kuma, duk wannan neman gudun ba ya kawo nasara. Ku danne totur tun daga layi har kwana, ku daki taya, mota ta kife, ku ruga ku tayar. Wanda ya fi cin tsere a filinmu wani ɗan aji biyu ne na sakandare, da tsohuwar mota ƙirar WLtoys da yayansa ya bar masa, bai taɓa canza mata ko haƙori ɗaya ba. Yana sassautawa kafin kwana, ya shiga ta ciki, ya fita yana ƙara wuta a hankali. Juma'ar da ta wuce ya ba wani mai sabon inji ratar zagaye biyu, sannan ya zauna a gindin darbejiya yana goge ƙura da burushi.