Babi na 6: Nemo Gidanka a Taswirar Gari

Kowa ya zo aji da fensir, da rula, da farar takarda guda biyu. Wanda ba shi da rula ya ara, kada ya zauna gida saboda rula.

A wannan babi za mu koyi abin da mutum zai yi idan hukumar tsara gari ta fito da sabon tsari: inda za a yanka filaye, inda za a gina gidaje, inda hanya za ta bi, inda za a ja magudanar ruwa. A ƙasashe da dama, doka ta ce sai an nuna wa jama'a tsarin, an ba su lokaci su faɗi ra'ayinsu kafin a zartar. Masu zanen sun yi karatu, babu musu, amma ba su ke kwashe ruwa daga ɗakinku da tsakar dare ba. Ku kuka san lungun da ruwa ke fara kwanciya. Wannan sanin naku shi muke so ya hau takarda.

Darasi na 1: Takardar sanarwa

Kada yawan rubutun ya tsorata ka. Abu uku kawai za ka nema: ina aka ajiye taswirar, wace rana za a yi taro, wace rana za a rufe karɓar ƙorafi. Wannan ranar ta ƙarshe ita ake kira wa'adi. Idan ka ga 15/8, lamba ta farko rana ce, ta biyu wata ne, wato 15 ga Agusta. A Amurka wata suke sawa a gaba, saboda haka in ka yi shakka ka tambaya. Tambaya ba abin kunya ba ce. Kwafe ranakun a littafinka da manyan lambobi.

Darasi na 2: Taswira

A nan yawancin ɗalibai ke tuntuɓe, don haka za mu tafi a hankali.

Taswira hoton gari ne kamar yadda shaho ke ganinsa daga sama. Ba za ka ga ƙofa ba, ba za ka ga taga ba. Gidanka zai fito ɗan ƙaramin akwati ne, titi kuma layi biyu a jere.

Kafin ka nemi gidanka, nemi kibiya. Tana can gefe ko a kusurwa, galibi da harafin N a kanta. Inda bakin kibiyar ya nuna, nan ne arewa. Ka gan ta? Ɗora yatsanka a kai. Yanzu tashi tsaye ka fuskanci inda rana ke fitowa. Hannunka na hagu yana nuna arewa. Shimfiɗa taswirar a ƙasa, ka juya ta har bakin kibiyar ya kalli inda hannunka na hagu ya nuna. Shi ke nan, takarda da gari sun daidaita.

A sake. Ɗaga takardar, jujjuya ta yadda ka ga dama, mayar da ita ƙasa. Nemo kibiya. Fuskanci gabas. Miƙa hagu. Juya takarda. Wanda ya rikice kada ya damu, kowa da haka ya fara, har ni.

Akwai wani dattijo da na koyar, ya duba taswira ya ga jan layin sabuwar hanya ya ratsa tsakiyar gidansa. Ya ce min daren nan bai runtsa ba. Washegari ya shigo aji takardar na rawa a hannunsa, yana cewa, "Malam, sun gama da ni." Na duba, na ce, "Baba, ina kibiyar?" Tana kallon ƙasa. Da muka juya takardar, gidansa na can ɗaya ɓangaren, hanya ba ta ko kusa da shi. Ya yi dariya har da hawaye, amma barcin daren ya riga ya tafi.

Bayan kibiya, nemo wani babban abu da kowa ya sani: gada, kogi, makaranta, mahaɗar titi. Ɗora yatsa a kai, ka tafi da shi kamar kana takawa gida da ƙafa. Inda kake karya kwana dama, yatsa ya karya dama. Ƙirga layuka. Da ka iso, zagaye gidanka da fensir. In ka ɓata a hanya, kada ka yi ta lalube. Koma ka duba, kibiya na kallon arewa har yanzu? Sau da yawa gwiwar hannu ce ta ture takardar.

A gefe akwai akwatin bayani, inda aka faɗi ma'anar kowane launi. Shuɗi yawanci ruwa ne, amma ka duba akwatin, kada ka yi zato. Akwai kuma ma'auni. In an rubuta 1:1000, santimita 1 a takarda mita 10 ce a ƙasa. Auna da rula daga gidanka zuwa magudanar ruwa. Santimita 4 ka samu? To mita 40 ke nan.

Yanzu bari in faɗi gaskiya. Makon da ya wuce na raba taswira, mutum takwas suka duƙufa neman gida, babu wanda ya kalli kibiya. Sau nawa zan faɗa? Ba yara ba ne ku, wasunku da jikoki. Ranar taro babu Malam a gefenku. In ka nuna gidan wani ka ce naka ne, ma'aikaci zai ninke takardarka ya kira na bayanka, kuma ba laifinsa ba ne. Kibiya tukuna, kafin komai.

Darasi na 3: Auna ruwa

Ga dalilin da ya sa ambaliya ke ƙaruwa a birane. Duniya na ɗumama, iska mai ɗumi kuma ta fi ɗaukar danshi, kusan kashi 7 cikin 100 a kan kowane digiri ɗaya na ma'aunin Selshiyas. Sai ruwa ya zubo da yawa a lokaci guda. Ƙasar da a da take shanye shi kuwa, an rufe ta da siminti da kwalta.

Mu yi lissafi. Ruwan sama na milimita 1 a kan murabba'in mita 1, lita 1 ne. Rufin da ya kai murabba'in mita 100, in aka yi ruwan milimita 20, lita 2,000 zai zubar. Gida ɗaya ke nan. Ƙirga gidajen layinku, sannan ka je ka kalli faɗin kwalbatin.

Ruwa kan bar shaida a bango. Auna daga ƙasa zuwa layin, rubuta santimita nawa, rubuta rana. Kada ka ce "ya kai gwiwa", gwiwar wa? Maƙwabta su ma su auna nasu, ku sa alamar kowane gida a taswira. Kafin sa alamar, me za ku fara nema? Madalla.

Kada ku raina wannan aiki. A unguwar Orangi ta birnin Karachi a Pakistan, daga 1980, Dakta Akhtar Hameed Khan ya fara aiki da mazauna layi-layi. Aka auna layukan aka zana su, mutanen suka haɗa kuɗinsu da ƙarfinsu suka shimfiɗa bututan ƙazanta a layukansu, manyan bututai kuma suka zama nauyin hukuma. Talakawa ne, da yawansu ba su yi boko ba.

Darasi na 4: Rubuta ƙorafi

Gajere ya fi. Cike guraben:

Ni mazaunin layi na ____, gida mai lamba ____. Ranar ____ ruwa ya shiga gidana, ya kai santimita ____. Ina roƙo a ____.

Sa hannu ko ka dangwala yatsa. Yi kwafi biyu, a buga wa naka hatimi da kwanan wata, ka adana. Haɗa da taswirar da ka zagaye gidanka, bayan ka tabbatar gidan naka ne.

Darasi na 5: Ranar taro

Ku je da wuri. Mata su yi magana, masu haya ma haka. In tsarin ya ƙunshi tayar da mutane, ku tambaya: ina za a kai su, yaushe, akwai diyya? Ku nemi amsa a rubuce.

Darasi na 6: Zafi

Bishiya na rage zafi, rufi mai farin launi ma haka. Sa alamar bishiyoyin layinku a taswira, ku nemi a bar su.

Darasi na 7: Bibiya

Bayan mako biyu ku koma da kwafinku ku ji inda aka kwana.

Aikin gida: zana layinku a farar takarda ta biyu. Sa kibiya.