Darasi na Bakwai: Takardar Ɗaukar Aiki

Yawancin ayyukanmu da fatar baki ake ƙulla su. Wani ɗan'uwa ya kai ka gidan burodi ko masana'antar ruwan leda, maigida ya dube ka sama da ƙasa ya ce, "To, gobe ka fara." Nawa ne albashi? "Za mu daidaita." Kai kuma kunya ta hana ka sake tambaya, don kada a ce daga zuwa ka fara maganar kuɗi.

Ga abin da yakan biyo baya. Wani yaro ya yi wata huɗu yana aikin kwaɓi a gidan burodi. Ranar biya sai ya ga kuɗinsa bai cika ba. Ya samu maigida a ofis, ya durƙusa ya gaishe shi.

"Alhaji, ranka ya daɗe, na ga an rage mini naira dubu takwas."

"Ai ka san dalili. Burodin da ya ƙone ranar Talata wa zai biya?"

"Alhaji, ba ni ne a bakin tanda ba ranar. Kuma ba a gaya mini ana cirewa ba."

"Kai yaro, na gaya maka tun ranar da ka zo."

Wa ya yi ƙarya a cikinsu? Wataƙila babu. Alhaji yana ganin ya faɗa, yaro bai tuna an faɗa ba, wanda ya kawo shi kuma ya tafi cirani Legas. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa, amma kuma ba ta barin sawu. Takarda ita ke barin sawu.

Wasu suna ganin neman takarda rashin yarda ne, ko rashin kunya ga babba. Ni ban ga haka ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi, kuma tsakanin muminai ake nufi. Albashi ma bashi ne a wuyan maigida har ranar da ya biya.

Abin da doka ta ce

A Najeriya akwai Dokar Ƙwadago, wadda aka kafa tun 1974. Sashe na 7 ya wajabta wa wanda ya ɗauki ma'aikaci ya ba shi takarda a rubuce kafin wata 3 su wuce daga ranar da ya fara aiki. Ba alfarma ba ce. Dole takardar ta nuna sunan maigida ko kamfani, sunan ma'aikaci da adireshinsa, wuri da ranar da aka ɗauke shi, irin aikin, yawan albashi da lokacin biya, sa'o'in aiki, hutu, abin da za a yi in ya yi rashin lafiya, da wa'adin da kowa zai bayar in yana son a rabu. In aikin na ƙayyadadden lokaci ne, misali wata 6, a rubuta ranar ƙarewa.

Wannan doka ta fi shafar leburori da ƙananan ma'aikatan ofis. Manajoji da ƙwararru kamar likitoci sun fi dogaro da abin da takardarsu ta ƙunsa.

Wurin da aka fi rigima shi ne sallama, don haka mu tsaya a kai. Wa'adin yana ƙaruwa ne da daɗewa a aiki. Wanda bai wuce wata 3 ba, kwana 1 ne. Wanda ya wuce wata 3 amma bai kai shekara 2 ba, mako 1. Daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, mako 2. Wanda ya yi shekara 5 ko fiye, wata 1. Wa'adin da ya kai mako guda dole a ba da shi a rubuce. Maigida yana iya biyan kuɗin kwanakin a maimakon jira. Lura fa, igiyar nan kowa ta ɗaure: ma'aikacin da ya samu wani aiki ya ɓace ana gobe salla, ya bar maigida da tulin oda, shi ma ya karya alkawari. Sannan wannan shi ne mafi ƙaranci. In takarda ta ce wata 1 ga kowa, to wata 1 ne.

Hutu kuwa gajere ne a doka. Bayan wata 12 a jere, ma'aikaci yana da aƙalla kwana 6 na aiki, da cikakken albashi. Yana da hutun yini ɗaya cikin kowane kwana 7. In ya kwanta ciwo, kuma likita ya ba da shaida, za a biya shi har kwana 12 a shekara. Mace mai juna biyu tana da mako 6 kafin haihuwa da mako 6 bayanta, kuma in ta yi wata 6 a wurin za a ba ta aƙalla rabin albashinta.

To, batun burodin da ya ƙone fa? Doka ta hana maigida ya ci ma'aikaci tara yadda ya ga dama. In ma'aikaci ya jawo asara da gangan ko da sakaci, ana iya cire wani abu daidai gwargwado, amma sai da izinin jami'in ƙwadago a rubuce. Masu gidajen burodi nawa suka san da wannan? Kaɗan ne. Ba mugunta ba ce kullum, sau da yawa haka suka tarar ana yi.

Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000 a wata tun 2024, sai dai bai hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Shi ya sa mai aiki a ƙaramin shago ya fi kowa bukatar a rubuta masa adadin kuɗinsa. Kamfanin da ke da ma'aikata 15 ko fiye kuma yana ƙarƙashin dokar fansho ta 2014: a cire kashi 8 cikin ɗari daga ma'aikaci, kamfani ya ƙara kashi 10.

Kafin ka sa hannu

Kada ka dangwala yatsa a kan abin da ba a karanta maka ba. In takardar da Turanci take, ka ce, "Alhaji, a ba ni in kai gida a duba mini, gobe in dawo da ita." Mai gaskiya ba zai hana ka ba. Ka kai wa wanda ka yarda da shi, ba ɗan maigida ba, ya karanta maka layi-layi yana fassarawa. Jihohi suna da dokar kare wanda bai iya karatu ba: duk wanda ya rubuta takarda a madadinsa zai sa sunansa da adireshinsa, kuma sai an karanta masa an bayyana masa kafin ya dangwala.

Sa'ad da ake karantawa, ka kasa kunne ga kalmomi masu santsi. "Da sauran ayyukan da za a sa shi" na iya mayar da direba mai wankin bayan gida. "Za a riƙa biya idan an samu ciniki" ba ranar biya ba ce; doka ba ta yarda tsakanin biya da biya ya wuce wata guda ba. A rubuta kuɗi da lamba da kuma kalmomi, don sifili ɗaya ba wuyar gogewa. In akwai gurbin da aka bari fili, a cike ko a ja masa layi. A yi kwafi biyu, kowa ya riƙe ɗaya, ka kuma ɗauki hotonta a waya saboda ruwan sama da gara.

Kai kuma maigida, kada ka ɗauko takardar wani kamfani daga intanet ka canja suna kawai. Shafi ɗaya da Hausa, wanda ku biyun kuka fahimta, ya fi shafi goma da ba wanda ya karanta. In harkar ta yi girma, a nemi lauya. In rigima ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, a fara da ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jiharku. Shari'ar aiki kuwa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ke yin ta, kuma abin da alƙali zai fara tambaya shi ne takarda.

Samfuri

Ni, ............, mai gidan burodi da ke ............, na ɗauki ............, mazaunin ............, aikin kwaɓi daga ranar ............ Zai yi aiki daga ƙarfe ...... zuwa ƙarfe ......, Asabar zuwa Alhamis, ya huta ranar Juma'a. Albashinsa naira ............ a wata, za a biya ranar ...... ga kowane wata. In ya wuce lokacin tashi, za a ba shi naira ...... a kan kowace sa'a. Hutun shekara kwana ...... ne. In ya yi rashin lafiya ya kawo takardar likita, za a biya shi har kwana ...... a shekara. Wanda ke son a rabu zai sanar da ɗaya a rubuce kafin ............ An karanta wa ma'aikaci wannan takarda da Hausa, ya ce ya fahimta.

Sa hannun maigida ........ Sa hannun ma'aikaci ........ Shaida ........ Kwanan wata ........

Aikin yi

1. Kwafi samfurin nan a littafinka, ka cike guraben da aikin da kake yi ko wanda ka taɓa yi.
2. Wata mata ta yi shekara 3 tana ɗinki a wani shago. Wa'adin mako nawa za a ba ta kafin a sallame ta?
3. Rubuta 45,500 da kalmomi.
4. Ku zauna bibbiyu, ɗaya maigida ɗaya ma'aikaci. Ma'aikaci ya nemi takarda cikin ladabi, maigida ya ce, "Ba ka yarda da ni ba ne?" Me za ka amsa masa?