Darasi na 9: Tabkin da ya daskare

Ku dubi hoton da ke sama. Tauraron ɗan'adam ne ya ɗauko shi daga sararin samaniya. Wannan farin abu mai tsawo kamar an shanya zane, tabki ne. Sunansa Balaton, yana ƙasar Hungari, a Turai. Tsawonsa kilomita 77. Faɗinsa kilomita 14 a inda ya fi faɗi, wato bai kai daga Damagaram zuwa Mirya ba.

Me ya sa ya yi fari fat? Sanyi ne ya daskarar da shi. Lokacin da mu nan muke jin ɗari, muna kewaye wuta da asuba a watan Janairu, su can sanyinsu yakan sauka ƙasa da sifili a ma'aunin zafi. A sifili kuwa ruwan daɗi yake zama ƙanƙara, irin wadda muke saye a leda da azumi.

Duk girman tabkin nan, ba shi da zurfi: mita 3 ne da ƴan kai a mafi yawan wurare. Uwargida ta san wannan sirri. In kunu ya yi wa yaro zafi, a faranti ake zuba shi, nan da nan ya huce. Na cikin tukunya kuwa yana nan da zafinsa. Haka tabki marar zurfi yake saurin hucewa, ya riga mai zurfi daskarewa. Amma sama kawai ke daskarewa. Ƙanƙara ba ta kai ruwa nauyi ba, shi ya sa take yawo a saman kofi. Kifi na ƙasa yana harkarsa.

Yanzu ku sa yatsa bisa hoton. Fari, ƙanƙara ce. Baƙi-baƙi, ruwa ne da bai daskare ba. Siraran layukan nan kamar tsagar bango, wurin da ƙanƙara ta tsage ne. Tabkin Cadi ma ba shi da zurfi, kuma da irin waɗannan hotuna aka ga yadda ya janye bayan farin 1973. Namu dai rana ce ke shanye shi.

Aikin gida: da dare, ku zuba ruwan ɗumi a tire da kuma cikin tulu, ku aje su a tsakar gida. Bayan sallar isha'i ku taɓa kowanne. Ku rubuta jimla biyu a kan abin da kuka ji, ku zo da ita gobe.