Yadda Za Ka Sa Ekstenshan a Burauza Ko da Ba Kai Ne Admin Ba

Ɗaliban da ke kawo mini aikin buga furojet a shagona na Samaru, musamman masu digiri na biyu, kusan duk kukansu ɗaya ne. Kwamfutar ofis ko ta ɗakin karatu ba ta barin su sa komai, da sun danna sai akwati ya fito yana neman kalmar sirrin admin. Daga nan sai mutum ya haƙura, ya koma kwafe sunan marubuci da shekara da lambar shafi ɗaya bayan ɗaya da hannu, alhali Zotero Connector, wani ekstenshan (ɗan ƙarin da ake liƙa wa burauza irin su Chrome ko Firefox don ta yi wani ƙarin aiki), zai ɗauko masa duka da dannawa ɗaya. Wannan wahalar tana damuna, domin yawanci babu wanda ya hana su.

Ga dalili. Abin da Windows yake tsarewa shi ne foldar Program Files da sauran sassan da suka shafi kowa da kowa. Amma duk wanda aka buɗe wa asusu a kwamfutar yana da foldarsa, kuma a can ekstenshan ke zama. Na Chrome suna cikin AppData\Local\Google\Chrome\User Data, na Firefox kuma a AppData\Roaming\Mozilla\Firefox\Profiles. Matsayinka na ɗan haya ne: ka rataya labule, ka shimfiɗa leda a ɗakinka ba sai ka tambayi mai gida ba, bango ne ba ka da ikon fasawa.

Saboda haka fara da hanya mafi sauƙi. Buɗe Chrome, shiga Chrome Web Store, rubuta sunan abin da kake nema, danna Add to Chrome, sannan ka amince. A Firefox adireshin shi ne addons.mozilla.org. In Edge kawai ka tarar, wanda ke zuwa tare da Windows 10 da 11, kada ka raina shi. Tun 2020 aka gina shi a kan Chromium, tushe ɗaya da Chrome, don haka yana karɓar kayan Chrome Web Store da zarar ka yarje masa ɗauka daga wasu shaguna. Duba kusurwar dama ta sama tukuna: in an rubuta Guest, ekstenshan ba zai shiga ba sai ka koma furofayil na gaske.

Kafin ka danna amincewa, karanta abin da ekstenshan ɗin ke nema. Wanda ya ce zai karanta kuma ya canza bayananka a dukkan shafuka, to zai iya ganin abin da ka rubuta a fotal ɗin makaranta da shafin banki, har lokacin da kake biyan kuɗin rajista ta Remita. Zotero Connector da uBlock Origin suna neman wannan izini saboda aikinsu ba ya yiwuwa sai da shi, kuma an san masu su. Amma wani ƙaramin abu mai canza hoton bango ya nemi irin wannan iko, ni ba na sa shi, ba na kuma bari a sa shi a kwamfutocina. Af, game da uBlock Origin mai toshe tallace-tallace, wanda ke rage cin data sosai: Chrome ya daina karɓar cikakkensa, sai uBlock Origin Lite. A Firefox cikakken yana nan yana aiki.

In burauzar da kake so ba ta cikin kwamfutar, nan ma akwai hanya. Sauko da Firefox ko Chrome daga shafinsu na asali. Idan akwatin admin ya fito, danna No. Chrome zai tambaye ka ko ya shiga ba tare da ikon admin ba, Firefox kuma zai zauna a foldarka ta AppData\Local. Ga masu yawo tsakanin kafe da ofis, yau Samaru gobe Kongo jibi Sabon Gari, na fi ba su shawarar Firefox Portable daga PortableApps.com. A kan filashi yake zama da ekstenshan ɗinka da komai, ka soka shi a kowace kwamfuta ka ci gaba daga inda ka tsaya. Yana da amfani ƙwarai a kafe masu Deep Freeze, inda duk abin da ka sa ke gogewa da an kashe an kunna. Ranar da netwok ya yi kyau kuma, ka sauke fayil ɗin ekstenshan na Firefox, mai ƙarewa da .xpi, ka ajiye. Daga baya jawo shi kawai za ka yi ka saki a kan tagar Firefox.

Wani lokaci kuwa da gaske an rufe ƙofar. Za ka ga maɓallin ya ƙi dannuwa, ko saƙo ya ce admin ya hana. Rubuta chrome://policy a wurin adireshi, ko edge://policy, ko about:policies a Firefox. A Chrome ko Edge, in ka ga ExtensionInstallBlocklist da alamar tauraro (*) a gabansa, an hana komai sai abin da aka zaɓa. Anan ka tsaya. Kada ka bi bidiyoyin da ke koya maka taɓa Registry, ma'ajiyar saitunan Windows, ko fasa kalmar sirri, kada kuma ka zagaye ta hanyar filashi. Kwamfutar amana ce, wataƙila akwai sakamakon ɗalibai ko takardun albashi a cikinta. Je wurin mai kula da ita da sunan ekstenshan ɗin da adireshinsa a rubuce, ka ce, "Injiniya, don Allah ina son a buɗe mini wannan, aikin tattara madogara nake yi da shi." Saka shi cikin jerin waɗanda aka yarje ba wani dogon aiki ba ne a wurinsa.

Sai tsofaffin filogin, wato manhajojin da burauza ke dogara da su a da don nuna wasu bidiyoyi da shafuka, irin su Flash da Java da Silverlight. Su ne a da suke neman admin, kuma zamaninsu ya wuce. Chrome ya daina ɗaukar irin na Java da Silverlight a 2015, Firefox ya bi baya a 2017, Adobe kuma ya rufe Flash a ƙarshen 2020. Duk shafin da ya ce maka yau ka sabunta Flash kafin ka ga bidiyo, ƙwayar cuta yake son ɗura maka. In wani tsohon darasi ne na Flash kake son buɗewa, gwada Ruffle, ekstenshan ne, ba ya neman admin.

Idan ka shiga da asusunka na Google don ekstenshan ɗinka su biyo ka, ka sani kalmomin sirrinka ma za su iya biyowa. A kwamfutar da wasu ke amfani da ita, rufe taga bai isa ba. Danna hotonka a sama, shiga wurin sarrafa furofayil, ka goge naka gaba ɗaya kafin ka tashi daga kujerar.