Yadda za ki zauna da magina a cikin gida ba tare da kanki ya ɗau zafi ba

Ranar da aka zo duba aikin sa tayil a falonmu da ɗakuna biyu, da sake filastar bangon tsakar gida, birkilan ya zagaya sau ɗaya ya ce wa maigida, "Alhaji, wanga aiki ai kwana ukku na." Sai da muka kwana goma sha tara. Gidanmu yana Tudun Wada, nan Gusau, irin mai zaure ɗaya da tsakar gida ɗaya, ba ƙofar baya, ba kuma inda zan kwashi yara huɗu mu koma. Maigida zai fita da safe, ya dawo bayan Magariba ya tambayi ina aka kwana. Ni ce mai wuni cikin hijabi da ƙura da ƙarar injin yankan tayil. A nan na gane magini ya san gini, amma bai san gidanki ba, kuma idan ba ki tsara masa zama ba, shi zai tsara miki.

Fara da sa baki a zaɓen lokaci. Daga Yuni zuwa Satumba damina ce, kada ki yarda a yaye rufi, musamman a Agusta, ga shi rabin leburori hankalinsu yana gona. Daga Maris zuwa Mayu kuwa zafi kan busar da filasta kafin ta kama, sai ta tsattsage, ruwa ma ya yi tsada. Ni dai bayan ɗaukewar ruwa na fi so, ƙarshen Oktoba zuwa Disamba. Aikin da aka ce "a gama kafin Sallah" kuma, ki yi masa addu'a kawai, don kowane mai gida a garin abin da ya faɗa wa magininsa ke nan.

Mataki na biyu a zaure ake yin sa, kafin a kwaɓa kwanon sarki ko ɗaya. Maigida ya zauna da shugaban ma'aikatan, ke kuma ki ba shi tambayoyinki tun da dare. Jinga ce ko kuɗin yini? Mai jinga yana sauri, sai an sa ido a kan kyan aikin. Mai kuɗin yini yana iya kyautatawa, amma ranarsa ba ta faɗuwa da wuri. Mutum nawa za su riƙa shigowa? Ƙarfe nawa za su fara, yaushe za su tashi? Ranar Juma'a fa? Abincin rana a kan wa yake? Wannan ta ƙarshe kada a ji kunyarta. Ni na fara da zuba musu tuwo don mutunci, kafin mako ya zagayo na zama mai dafa wa ƙarti shida kullum, har da mai cewa yaji ya yi kaɗan. Ki ba su ruwan sanyi, ranar da kika ga dama ki dama musu fura ko kunu, amma abinci a saka shi cikin kuɗin aiki.

Kuɗin kuma a raba shi kashi-kashi, a rubuta a takarda a gaban shaida: kafin alƙalami kaɗan, wani kaso idan an kai rabi, ciko sai an gama an share. An ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, to amma wanda ya karɓe ladan duka tun farko, sai ki neme shi a waya ki ji yana wani aikin a Damba.

Na uku shi ne wanda ya fi komai sauƙaƙa mini rai, kuma sai rana ta biyar na yi shi: raba gidan biyu. Zana uku muka sayo aka kafa daga bakin zaure zuwa ƙofar falo, ta zama hanyarsu, bayanta kuma namu. Tamfol ma yana yi. Kafin zanar nan, wani yaron lebura ya taɓa faɗowa tsakar gida da baro ba ko sallama, ina tsugune ina wanki ba ɗankwali. Ba mugunta ba ce, ya saba aiki a kangon da babu kowa. Daga ranar aka kafa doka: duk mai son tsallake zana ya tsaya ya yi sallama, sai an ce ya shigo. Banɗaki ma a ware. In gidan yana da na zaure, shi ne nasu, da butarsu.

Ki zaɓi ɗaki ɗaya ya zama mafaka, wanda ba za a taɓa ba sai an gama sauran. Nan za ki kai katifu, kayan makaranta, magunguna, takardu da duk abin da yake da daraja, ki sa kwaɗo. Ba zargin kowa kike yi ba. Idan ɗan kunne ya ɓace alhali akwai baƙi a gida, zuciya ba za ta bar ki ba, su ma ba za su ji daɗi ba. Jiƙa tsohon zane ki toshe ƙasan ƙofar, ki manna leda a taga. Kujeru da kwanukan jere a lulluɓe su da leda a ɗaure, don ƙurar siminti har cikin kular da aka rufe take shiga. Murhu ko risho a mayar da shi can nesa da inda ake yanka, a rage girki zuwa mai tukunya ɗaya: dafa-duka, fate, shinkafa da wake.

Na huɗu, kaya su iso kafin ma'aikata. Yashi da tsakuwa tifa ta juye su a waje. Siminti, ko na BUA da ake kawowa daga Sakkwato ko na Dangote, buhu kilo 50 ne, a jera shi a kan katako don kada sanyin ƙasa ya daskarar da shi. Ki ce a riƙa tara miki buhunan da aka juye, da yamma ki ƙirga, lissafi ya fito ba tare da an yi wa kowa tambayar tuhuma ba. Ruwan aiki ya zama da duronsa dabam, a yi ciniki da mai ruwa ya riƙa cika shi da sassafe, in ba haka ba randarki ce za ta biya. Ki tuna sabuwar filasta tana son ban-ruwa safe da yamma har kamar kwana bakwai.

Sai yara, kuma nan ba wasa. Ɗanyen siminti yana cin fata, kada su kwaɓa shi a matsayin wasan ƙasa. Duron ruwa a rufe, ramin masai da aka haƙa a ɗora masa katako mai nauyi. Ba mai yawo ba takalmi. Wanda ya taka ƙusa a wanke wurin a kai shi asibiti saboda allurar tetanus, kada a tsaya shafa man ja. Hasken walda yana ƙona ido, su kuwa shi suka fi son kallo. Janaretan mai tayil ya zauna a waje, hayaƙinsa yana kashe mutum a rufaffen wuri. Ki nemi a riƙa zuba ruwa wurin yankan tayil, ƙurar tana raguwa sosai. Mu 'yan Zamfara ba sai an yi mana dogon bayani a kan ƙura da ƙananan yara ba, tun gubar dalmar da ta ci yara a Anka da Bukkuyum a 2010. Waccan daga dutsen zinariya ta fito, amma tsohon fentin mai ma yakan ƙunshi dalma. Ranar da za a kankare shi, mai rarrafe da mai ciki su wuni gidan kaka.

Kullum kafin su tashi, a ba shara minti goma: a yayyafa ruwa, a tattara ƙusoshi, a jingine shebur da diga wuri ɗaya. Ki ɗauki hoton aikin da waya. Idan kin ga kuskure, kada ki faɗa wa lebura, kada kuma ki gyara wa babban a gaban yaransa. Ki kira shi gefen zana: "Malam, don Allah dubo mini layin nan, kamar ya karkace." Namu yakan ce, "Hajiya, ba a gama ba na," amma washegari sai in tarar an gyara. Umarni kuma ya fito daga baki ɗaya. Idan ke kin ce fari, maigida ya ce ruwan madara, ƙanin miji ya leƙo ya ce shuɗi, mai fenti zai shafa wanda ya rage masa daga wani aikin.

Ranar biyan ciko, ɗauki makulli ki bi tayil ɗaya bayan ɗaya kina ƙwanƙwasawa. Wanda ya yi amo kamar ganga, ƙarƙashinsa fanko ne, zai fashe, a cire shi yanzu. Zuba bokitin ruwa a banɗaki ki ga ko ya nufi magudana ko ya kwanta a lungu. Buɗe kowace ƙofa ki rufe, don tayil yakan ƙara wa ƙasa tudu. Sannan ɓaraguzai: a kwashe su kafin kuɗin ya bar hannun maigida. Mu mun biya a kan alkawarin "gobe da sahe za a zo da baro", tulin ya zauna a ƙofar gidanmu har ruwan farko ya sauka, akuyoyin maƙwabta suka mayar da shi wurin kwana.