Masu neman digiri na biyu a kimiyyar siyasa, ga inda kuke tuntuɓe

Duk lokacin da aka fara sayar da fom, ƙannenmu daga Gusau zuwa Ƙaura Namoda da Talata Mafara sai su maimaita kurakuran bara. Na gaji da amsa waya ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na rubuta.

Ku fara bambance M.Sc, wato digiri na biyu na bincike, da digirin ƙwararru irin su MPA, wato digiri na biyu kan gudanar da aikin gwamnati. Shi MPA an tsara shi ne don ma'aikaci mai neman ƙarin girma a ofis, kuma jami'o'i da yawa ba sa karɓarsa kai tsaye wajen shiga digirin digirgir. In koyarwa kake hari, M.Sc za ka nema.

Amma abin da ya fi ƙona min rai shi ne batun bincike. Yaro ya zo da take wai "Dimokuraɗiyya da rashin tsaro a Arewacin Najeriya". Haba ƙanina! Jiha goma sha tara za ka zagaya da albashinka? Na san wanda ya riƙe irin wannan take, malamin da ke duba aikinsa ya yi ta mayar masa da babi na farko, abokan karatunsa suka gama suka bar shi. Alhali ga abin nazari a ƙofar gida. Ranar 24 ga Mayu 2019 Kotun Ƙoli ta soke nasarar APC a Zamfara saboda jam'iyyar ba ta yi sahihin zaɓen fitar da gwani ba, Bello Matawalle na PDP ya zama gwamna. Wannan kaɗai ya isa kundi kan yadda jam'iyyu ke tafiyar da cikin gidansu. Ga ƙaddamar da Shari'a da Ahmad Sani Yarima ya yi a 1999. Ɗauki ƙaramar hukuma ɗaya cikin 14 na Zamfara, ka tone ta sosai. Ni dai ba na amincewa da take sai na iya lissafa mutanen da zan zauna da su, na kuma tabbatar hanyar garinsu tana biyuwa. Kada ka zaɓi ƙauyen da ko direban tasha ba ya yarda ya shiga.

Sai masu mayar da kundi dandalin kamfe. Kana iya ƙin gwamna har cikin ranka, amma ranar kare kundi hujja za a tambaye ka, ba fushinka ba. Ni nakan ba ɗan jam'iyyar da ba na so ya karanta babi, in ga inda zai kama ni.

Ƙananan abubuwan kuwa: nemi takardar sakamakonka daga tsohuwar jami'a tun kafin a buɗe fom, don tana jinkiri. Takardar NYSC ta kasance a hannu. Kada ka kwafo daga intanet, akwai manhajar da ke ganowa. Kuma kada ka ɓace wa malaminka wata uku, ka dawo kana cewa "Malam, hidima ce ta yi yawa". Shi ma yana da tasa.