Yadda Malamin Ƙauye Zai Koyar da Darasin Zamantakewa a Sabuwar Manhaja

A watan Satumba na shekarar 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, ƙarƙashin Dokta Tunji Alausa da ƙaramar minista Farfesa Suwaiba Said Ahmad, ta sanar da sabuwar manhajar da hukumar bincike da bunƙasa ilimi ta ƙasa, wato NERDC, ta tsara. An rage darussan ƙaramar sakandare zuwa tsakanin 12 da 14, na babbar sakandare kuma zuwa 8 ko 9. Tarihin Najeriya ya dawo a matsayin darasi na wajibi tun daga aji ɗaya na firamare har aji uku na ƙaramar sakandare, a babbar sakandare kuwa an haɗe tarihi da zamantakewa da ilimin zama ɗan ƙasa, suka zama darasi guda. Wannan bayani na rubuta shi ne domin malamin da yake ƙauyen Kano ko Jigawa, wanda labarin sauyi ya iso masa alhali littattafai ba su iso ba.

Kafin komai, malami ya nemi ainihin takardar manhajar ta hannun shugaban makaranta ko ofishin ilimi na shiyya, ko da hotonta ne a waya, kada ya dogara da jita-jitar ɗakin malamai. Sauyin ya fara ne da 'yan ajin farko na kowane mataki, don haka ya tabbatar da wace manhaja 'yan ajin da za su zauna jarrabawar WAEC ko NECO suke kai kafin ya taɓa musu jadawali. Daga nan sai ya ɗauko tsohon littafinsa na shirin darasi, ya soke maimaici. Duk wanda ya koyar da waɗannan darussa a rarrabe ya san yadda ake karanta wa yaro ma'anar shugabanci sau biyu a zango ɗaya, a bakin malamai biyu, kuma ya fita bai riƙe ko ɗaya ba. Lokacin da ake ɓatawa a wannan maimaici shi ne ribar farko da haɗewar ta dawo wa malami da ita.

Da wannan lokaci sai a fara darasi daga ƙofar gida. Idan batun tsarin mulki ne, a sa ɗalibai su jero da bakinsu: mai unguwa, dagaci, hakimi, sarki, sannan a ɗaya ɓangaren allo kansila, shugaban ƙaramar hukuma, ɗan majalisa, gwamna. A tambaye su wurin wa ake kai ƙara idan shanu suka shiga gona, kuma wa ake nema idan famfon tuƙa-tuƙa ya lalace. A cikin gardamar da za ta tashi za su gane aikin kowa fiye da yadda haddar littafi za ta sa su gane, sai malami ya ɗora musu cewa Kano tana da ƙananan hukumomi 44, Jigawa kuma 27, kuma a ranar 27 ga Agusta 1991 aka fitar da Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano.

Aikin da na fi ganin amfaninsa shi ne tura ɗalibai wajen dattawa da tambaya guda ɗaya tak. Kada a ce musu su rubuto tarihin gari, domin za su dawo hannu rabbana. Na taɓa ba 'yan ajina tambayar yadda ake karɓar haraji a da. Washegari wata ɗaliba da ba ta cika magana ba ta miƙe da takardar da ta yago daga tsakiyar littafinta, duk ta yi maiƙo, ta karanta mana yadda kakanta ya ce magidanci kan sayar da akuyarsa ko ya fasa rumbu idan lokacin biya ya matso, wani ma ya bar garin da dare. Ajin ya yi tsit. A nan na shigo da cewa Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ne ya soke haraji da jangali bayan hawansa mulki a 1979, muka wuce zuwa dalilin da ya sa hukuma take karɓar kuɗin shiga, da kuma haƙƙin talaka na tambayar inda aka kai su. A zama ɗaya mun taɓa tarihi da zamantakewa da haƙƙin ɗan ƙasa, kuma abin da haɗewar take nufi ke nan.

Sai dai a kula da ladabi. A koya wa yaro ya durƙusa ya gaida Baba ko Inna, ya faɗi cewa Malam ne ya aiko shi, kuma ya bar duk maganar da ta shafi rikicin gado ko na sarauta. Yana da kyau malami ya fara sanar da dagaci, musamman idan 'yan mata za su shiga gidaje.

Daga gida sai makwabta. Ɗan Birnin Kudu yana da zane-zanen da mutanen zamanin da suka yi a jikin duwatsun garinsu, ɗan Haɗeja yana da labarin Sarki Muhammadu Mai Shahada wanda ya yaƙi Turawa a 1906, shekara uku bayan sun ci Kano, kuma duk wanda ya taɓa shiga Kasuwar Kurmi ya taka wurin da aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Wanda ba shi da kuɗin motar ziyara ya nuna hoto a waya, layi bayan layi. Amma kada a tsaya a ƙasar Hausa, domin darasin na Najeriya ne: daga ganuwar Kano a je ganuwar Benin, daga sarautarmu a duba ta Borno da ta Oyo, yadda yaron da wata rana zai je ci-rani Legas ko Fatakwal zai isa can da sanin cewa mutanen da ya tarar su ma suna da asali.

Wajen ba da maki, malami ya ware wani kaso na gwajin tsakiyar zango ga irin wannan aiki, ya duba ko ɗalibi ya rubuta wanda ya tambaya da ranar da ya tambaya, kuma ya bambanta abin da dattijo ya gani da idonsa da abin da ya ji an faɗa. Takardun da suka fi kyau a ɗinke su wuri ɗaya, a ajiye a ofishin shugaban makaranta domin 'yan ajin baɗi.